Takalmin da Ya Dawo da Tsabtarsa

Duk wanda ya zo koyon aiki a rumfar nan tawa ta Daura, da dariya yake farawa. Ya ga 'yan takalma biyu da ba su fi tafin hannun yaro ba, an kafe su a kan sandan ƙarfe ɗaya, sai ya ce a ransa wannan ai kafin azahar ya ƙware. Ba na hana kowa dariyarsa, don ni ma na yi ta. Amma tun da kun dame ni da tambayar abubuwa biyun nan da ke rataye a bango, wancan baƙin mai kama da ƙoƙo da wannan tsohon tafin takalmin makaranta da kuka ce in bari ku zubar, to ku ajiye basilla ku saurara.

Mai kama da ƙoƙon nan takalmi ne. Irinsa ne aikin farko da Kawu Mamman ya bari na yi da hannuna, bayan na daɗe ina jiƙa masa fata ina murza zare. Kawu baduku ne na gado, mai kuben wuƙa da jakar mafarauta, kuma ba ya koyarwa da baki. In ka yi daidai ya yi shiru, in ka ɓata ya warware ɗinkin ya miƙo maka. Abu ɗaya ya taɓa zaunar da ni ya faɗa mini: duk takalmin da aka kawo gyara, in fara kifa shi in dubi tafinsa kafin in dubi inda ya tsinke, don a nan ake ganin yadda mai shi yake tafiya. Mai jan ƙafa, mai ciwon gwiwa, mai ɗaukar kaya a ka, kowa da inda takalminsa ke cinyewa.

Akwai wani mai sayar da goro a bakin tasha, Ɗan'azumi, wanda aka haifa da ƙafafu a murɗe. Tafin ƙafarsa ciki yake kallo, a kan gefen ƙafa yake takawa, wurin ya yi kanta mai kauri da ke tsagewa da rani. Takalmin kasuwa ba ya shigarsa. Sai mu yanko taya mu ƙwaƙule ta, mu shimfiɗa mata fata a ciki, ya samu abin dangwalawa, irin wancan na bango. A lokacin ba wanda ya taɓa ce mana abin yana da magani. In an haifi yaro haka sai a ce haka Allah ya halicce shi, a ba uwar haƙuri, mu kuma dukawa mu jira ya girma ya zo mana.

Furfura ta fara leƙo mini ranar da wata mata ta tsaya a ƙofar nan da abu a cikin leda. Malama Hajara ke nan, ma'aikaciyar sashen gashin ƙashi a wani asibiti na yankin nan. Gajeruwa ce, ba ta ɗaga murya, amma in ta ce a'a to a'a ɗin ce. Ta fito da takalman nan masu sanda, ta ce daga nesa ake kawo musu kuma ba sa isa, ko zan iya irinsu. Na juya su na yi murmushi na ce ta dawo gobe. Ta dawo ta duba, ta ce ɗinki ya yi kyau amma ba za a sa wa ɗan kowa ba. Na sake, ta sake maido mini. Da ta ga na fara huci, sai ta ce in rufe rumfa ranar da suke ganin yara, in zo in ga ƙafar da nake yi wa takalmi.

Abin da na gani ranar, har yau ban manta da shi ba. Aka kawo wani jariri da bai daɗe da suna ba, ƙafarsa irin ta Ɗan'azumi sak, sai dai ƙarama ce mai laushi. Malama ta riƙe ta tana lallaɓawa kamar mai yi masa wasa, ta karkato ta kaɗan, kaɗan ƙwarai, wani ma'aikaci ya naɗe ta da farin ɗaurin nan da ake ce wa siminti tun daga yatsu har cinya. Ta ce bayan mako za a cire, a ƙara karkatowa, a sake ɗaurewa. Ta bi benci da ni tana nuna mini yara, ga na zuwan farko, ga na tsakiya, ga wanda za a cire wa na ƙarshe bayan likita ya ɗan saki agararsa. Aka fasa simintin a gabana. Ƙafa ta fito a miƙe, tafinta na kallon ƙasa kamar na kowa. Na yi kabbara ban san na yi ba. Ni da na ƙare ƙuruciyata ina ƙwaƙule taya, ashe abin nan hannu yana gyara shi, ba wuƙa babba ba, ba tsafi ba.

Sai ta ce mini aiki bai ƙare ba, kuma sauran a hannuna yake. Ƙafar da aka miƙar tana son komawa inda ta fito, takalmin ne ke tsare ta. A watannin farko ana sa shi dare da rana ban da lokacin wanka, daga baya sai lokacin barci kawai, har yaro ya tasa. Ta kama yatsana ta ɗora a dunduniyar jaririn, ta ce saboda ita ake yin 'yar taga a bayan takalmi, don a leƙa a ga ta zauna ƙasa. Ta nuna mini dalilin barin yatsu a waje, da dalilin da ya sa takalman ke kallon waje kamar ƙafar agwagwa, da dalilin auna sandan da faɗin kafaɗun yaro. Duk abin da na ɗauka iyayi ne na masu ƙera shi, ashe da hujjarsa. Na koma na yi wani, ta karɓa ta juya ba ta ce komai ba, sai na tuna da Kawu.

Fatar da kuke wasa da ita a nan ba kowacce ba ce. Ta ciki fatar akuya ce mai laushi, wadda wani majemi ke shigo mini da ita ta iyakar Kongolam, ta waje kuma mai ƙarfi ce don kada ƙafa ta rinjaye ta. Ƙulli ba ya kwana a ciki, duk a waje ake tufke shi. Babba in takalmi ya cije shi zai dawo ya zage ka, ka gyara. Jariri kuwa kuka kawai zai yi, a rasa dalili, a cire takalmin a ajiye. Ƙullin zare da bai fi ƙwayar gero ba yana iya mayar da ƙafar mutum a murɗe har tsufansa.

Shekarar da ta fi ba mu wuya, ba fata ce ta yi ƙaranci ba, ba kuma ƙarfe ba. Ƙafafu ne suka dinga komawa. Yaron da aka sallama da ƙafa miƙaƙƙiya, sai a dawo da shi ta fara karkata. Malama ta rame. Ta sa na sake auna kowane sanda, muka ga ba inda ya kauce. Ta ƙara tsawon bayanin da take yi wa iyaye mata, har ta samo 'yartsana tana gwada musu ɗauri, kowace uwa sai ta ɗaure a gabanta kafin ta tafi. In an tambaye su ko ana sawa, su ce ana sawa.

Ni na fara lura da takalman da ake dawowa da su don a canza girma. Takalmin jariri da ake sawa ba ya ɓoyuwa: gumi ya baƙanta cikinsa, hujin maɗauri ya buɗe, ga warin fitsari. Waɗannan kuwa tas suke dawowa, wasu har warin gam bai fita ba. Na gaya wa Malama. Ashe a ƙasan akwati suke kwana, sai an iso ƙofar asibiti a zaro a sa. Ba ni da daɗin baki, na ce sakaci ne kawai na matan yanzu. Malama ta ce matar da ta yi ta zarya da jariri a mota mako bayan mako har aka gama siminti ba za a kira ta mai sakaci ba, akwai dai abin da ba mu gano ba.

A kan Bilki muka gano shi. Jaririya ce daga wani ƙauye bayan Baure, uwarta Ramatu, yarinya mai shiru-shiru. An miƙar da ƙafafun Bilki, sun koma, an sake yin simintin daga farko, aka sake miƙarwa da ƙyar. Malama ta ce mini in suka sake komawa, ƙashi ya fara tauri, sai dai babban aiki a wani gari mai nisa, shi ma ba tabbas. In ba haka ba, wata rana zan yanka mata taya. Na yi mata sababbin takalma na kai da kaina, na tarar Malama ta zaunar da Ramatu tana tambayarta ko akwai abin da ba ta gane ba. Ramatu ta sunkuyar da kai ta maimaita duk bayanin tiryan-tiryan, har da 'yar tagar dunduniya, ba ta bar komai ba. Sai Malama ta tambaye ta wa ke yi wa yarinyar wanka a gida. Ta ce Inna, wato uwar mijinta. Wa ke goya ta? Inna. A ɗakin wa take yini? Na Inna. Ita Ramatu sai an miƙo mata ta ba da nono.

"To me ya hana ki gaya wa Inna abin da kika gaya mini yanzu?"

"Ta fari ce, Malama," in ji Ramatu, hawaye na zuba. "Da wane ido zan dubi Inna in ce ga yadda za a yi da ita?"

Sai a lokacin na lura tun da muke ganinta ba ta taɓa faɗin sunan Bilki ba, sai dai ta ce yarinyar nan. Kunyar 'yar fari ce, wadda duk muka tashi a cikinta, ni ma haka uwata ta yi wa yayana. Uban yarinyar ma ba ya iya buɗe baki a kanta a gaban mahaifiyarsa. Muka dubi juna da Malama. Da muka waiwayi takalman da suka dawo da tsabta, da yawansu na 'ya'yan fari ne. Ilimin ya shiga, ya zauna daram, amma a kan wadda al'ada ba ta ba bakin magana ba.

Malama ta ce mu je ƙauyen, in ɗauko kayan aikina. Da zan fito na ciro wancan takalmin taya na bango na jefa a jaka, ban ma san me zan yi da shi ba. Muka isa da hantsi, aka shimfiɗa mana tabarma a zaure. Inna Yalwa ta fito da Bilki a baya, ƙafafu a sake. Doguwar tsohuwa ce mai sayar da daddawa, irin waɗanda in sun dube ka sai ka gyara zama. Bayan gaisuwa ba ta jira tambaya ba.

"Ni nake cirewa, kada ku zargi kowa. Na ga mari a ƙafar yayana lokacin da hankalinsa ya gushe, har ya koma ga Allah tabon bai goge ba. Me 'yar nan ta yi da za a haɗa mata ƙafa da ƙarfe tun ba ta san dama da hagu ba?"

Na dubi aikina da na daɗe ina alfahari da shi, na ga gaskiyarta. Ƙafa biyu da ƙarfe a tsakani, ai mari ne a idon wanda ba a yi wa bayani ba. Na zaci Malama za ta fara jawabin nan nata. Ba ta yi ba. Ta yi wa Inna ta'aziyyar yayanta kamar jiya ya rasu, sannan ta tambaye ta wa ya gasa Bilki da aka haife ta. Inna ta ce wa kuwa in ba ita ba, jikokin gidan nan duk ita ta gyara musu kai da ruwan ɗumi tun suna ɗanye. Malama ta ce in an yi gashin yau aka bari gobe fa? Inna ta ce ai aikin banza ke nan, jikin jariri sai da naci. Malama ta ce to ita ma abin da ta sani ke nan, ta roƙi Inna ta sauko da yarinyar.

Ta kama hannun tsohuwar ta ɗora a ƙafar Bilki, ta nuna mata inda za ta sa babban yatsa, ta ce ta tura a hankali. Ƙafa ta miƙe sosai. Ta ce ta saki. Muna kallo ƙafar ta ɗan zame ciki, kaɗan, yadda in ba hannunka ke kai ba ba za ka lura ba. Inna ta sake turawa, ta sake saki. Ta yi ta yi.

"Ashe komawa take yi a hannuna ina kallo," in ji ta, ba da kowa take ba.

Nan na zaro na jakata na ajiye kusa da ƙananan. Na ce, "Inna, ni baduku ne ba likita ba. Ɗaya daga cikin biyun nan zan ɗinka wa jikarki, kuma na fi son ƙaramin." Ta ɗauki na tayar ta juya, ta zura hannu a ciki ta shafa ramin da gefen ƙafa ke zama. Ta tambaya na wane ne, na ce irin na wani mai goro ne a tashar Daura. Ta ce ta san shi, ta sha sayen goro a wurinsa. Ta ajiye shi can nesa da yarinyar.

Kada ku zaci ta sauko. Kaina ta juyo. Ta ce ko da ta yarda, ƙarfen nan ba ya goyuwa, ta gwada sau ɗaya ya kusa karya mata ƙugu, kuma ita ba za ta ajiye jikarta a ƙasa tana dakan kalwa ba. Ta ce, "Kai da ka ƙera shi, ka taɓa goya yaro?" Na ce ban taɓa ba. Ta ce ai ya nuna. Malama ta ce gaskiya ita ma ba ta taɓa tunanin goyo ba, Inna ta koya mana. Aka sa wa Bilki takalman, Inna da kanta ta ɗaure, ta leƙa 'yar tagar ta ga dunduniya. Ta ɗora ta a baya ta sauke, ta sake ɗorawa, har ta samo yadda za ta lanƙwasa mata gwiwoyi sandan ya sauka ƙasa da ƙugunta, majanyi ya tallafe yarinyar ta ƙasa. Malama tana zagaya ta tana duba ko ƙafa ta goce. Ni kuma na nemi auduga a gidan na naɗe sandan, na rufe da jar fata, na bi ta da irin adon da Kawu ke yi wa kuben wuƙa. Ƙarfe ya ɓace gaba ɗaya. Ta bayan zana ina hango gefen zanin Ramatu, tana tsaye tana ji ba ta fito ba. Da za mu tafi Inna ba ta yi mana alkawarin komai ba, ta ce mu sauka lafiya kawai.

Har ranar dawowarsu ta zo hankalina bai kwanta ba. Ina zaune a bakin ɗakin ganin yara da kayan awo, benci ya fara raguwa, sai na ji an jefo mini abu a cinya. Inna ce da kanta, Bilki a baya, Ramatu na biye. Ta ce, "Malam, aikinka ba ƙwari, maɗauri ya tsinke a hanya." Na ɗauka na duba. Cikinsa ya yi baƙi ƙirin, hujin maɗauri ya yage don yawan ɗauri, jar fatar sandan ta koɗe daidai inda take gogar bayanta, ga wani wari da ya doki hancina. Ban taɓa jin daɗin ƙazanta irin na ranar ba. Malama ta duba ƙafafun, suna nan a miƙe, ta ɗago ta dube ni ta yi shiru irin na Kawu.

Daga ranar tambayar farko da ake yi wa duk wanda ya kawo yaro ita ce wa ke riƙe da shi a gida, a zo da shi. Benci ya cika da kakanni da goggonni. Inna kuwa, duk ranar da ta kawo Bilki sai ta mayar da wurin makaranta. Ta kama hannun tsohuwa 'yar'uwarta ta ɗora a ƙafar jika, ta ce tura, ta ce saki, ta nuna mata goyo, ta kuma yi mata faɗa in ta ga takalmi da tsabta. Abin da za mu yini muna faɗa ba a ji ba, ita ta faɗa sau ɗaya a ji. Na ga tsofaffi daga Dutsi da ba su taɓa ganinta ba suna goyo irin nata, wata ta koya wa wata. Wannan abu yana ba ni mamaki har yau fiye da simintin kansa. Takalmin bai canza ba, awonsa bai canza ba, an dai sa bayanin a hannun da ke riƙe da yaron, ƙafafu suka daina komawa yadda suke yi a da. Shi ya sa ba sandan da ke fita daga rumfar nan tsirara, kuma ba na miƙa takalmi sai na tambayi mai goyo.

Inna Yalwa ta rasu da daɗewa, Allah ya jiƙanta. Malama ta yi ritaya. Bilki ta wuce sa takalmina tun tana ƙarama, ban sake ganinta ba. Sai wata ranar kasuwa wata mata ta tsaya a ƙofar nan ta gaishe ni, na dube ta da kyau na gane Ramatu ce. Ta miƙo mini takalmin makaranta da tafinsa ya ɓalle.

"Na yarinyar nan ne," in ji ta, tana kallon titi. "Ba ta san tafiya ba sai gudu, duk takalmin da aka saya mata sai ta kashe shi."

Na kifa shi. Ya cinye a dunduniya, ya cinye a ƙarƙashin babban yatsa, gefensa kuwa lafiya lau, kamar na kowace yarinya mai ƙiriniya a garin nan. Na juya mata shi na nuna da yatsa. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ja mayafi ta rufe bakinta, ta ce za ta dawo bayan la'asar.

Na sa masa sabon tafi, tsohon kuma na rataye shi kusa da na taya. Shi ne wannan da kuka ce in zubar. Kafin ɗayanku ya sake taɓa basilla yau, ya zo ya kifa shi ya gaya mini yadda mai shi take tafiya.